Kunnen da Injiniya Ya Kama

Idan za a tara mutanen da duniya ta ci amanarsu, to a ba Injiniya kujerar gaba. Mutum ne da Allah ya cika wa kai da basira har tana tsiyaya, amma ya faɗo cikin jama'ar da ba ta san darajar gwani ba. Sunan Injiniyan ma ba wata makaranta ce ta ba shi ba, shi ya raɗa wa kansa da ya ga makarantun suna jan ƙafa.

Mazauninsa wani benci ne a barandar hawa na biyu, daidai ƙofar ofishin mijin ƙanwarsa, wanda kowa ke kira Manaja. Fenti da tayil Manaja ke sarowa yana ba masu gine-gine. Albarkacin aure ya bar yayan matarsa yana zama a bencin, a aike shi in an rasa ɗan aike, a nemi shawararsa in ana son dariya. A ƙarshen barandar kuwa akwai wani ɗan ɗaki da ake jibge karyayyun kujeru. Injiniya ya daɗe da auna ɗakin nan da ido: ga inda tebur zai zauna, ga inda za a kafa allo mai sunansa.

Ana nan sai Manaja ya shiga tsaka mai wuya. Duk kwangilar da ya nema, sai wani abokin hamayyarsa na tsallaken titi ya riga shi. Wata safiya ya fito baranda yana huci.

"Wallahi kamar mutumin nan a aljihuna yake kwana!"

Injiniya ya miƙe a hankali, ya ɗora yatsa a leɓe, ya waiga hagu ya waiga dama.

"Ba a aljihunka yake ba, Manaja. A wayarka yake. Ta kan teburinka, da ta intanet. Kunne aka dasa maka. Wani ɗan abu ne da bai kai maɓallin riga ba, a maƙala shi a jikin waya, kana tari a nan ana yi maka sannu a tsallaken titi."

Manaja ya dube shi daga hula har takalmi. "Yaya, ka san aikin nan kuwa?"

"Ga agwagwa a gabanka, kake tambaya ko ta san hanyar rafi?"

"To shi ke nan. In ka ciro kunnen, ɗakin kujerun can naka ne, har da allo. In kuwa ka ɓata mini aiki, bencin ma ka yi masa sallama. Sito za ka koma, wajen masu ɗaukar kwalayen tayil."

Siton nan a bayan gari yake. Ba zafinsa Injiniya ke tsoro ba, ba kuma nauyin kwalayen ba. Abin da ke tayar masa da hankali shi ne, a can babu mai tsayawa ya saurari bayani.

Washegari ya iso cikin wata riga mai aljihuna har a hannu, da safar hannu, da jaka a kafaɗa. Kayan aikinsa biyu ne: wani ɗan akwati mai ƙugiyoyi, da wata sanda mai kama da ƙaton alƙalami. Masu gyaran waya sukan maƙala akwatin a kan waya ɗaya, ya riƙa tura mata sauti, duk inda aka kai sandar kusa da wannan wayar sai ta yi fito. Da haka suke gane wayarsu a cikin tari. Wannan bayanin mai shagon gwanjon da ya sayar masa ya soma yi, amma Injiniya bai tsaya jin ƙarshensa ba, don gwani ba ya ɗaukar darasi a bakin kanta. Abin da ya riƙe kawai shi ne: in sanda ta yi fito, an samu abin da ake nema.

"Daga yanzu ba magana a ofishin nan," in ji shi da ƙarfi. "Duk mai magana ya yi da hannu. Bango yana ji, silin yana ji, ni kaɗai aka yarda in yi magana, don ni na san irin maganar da ba a ɗauka."

Sakatariyar ofishin, wata dattijuwa mai tabarau, ta yi masa wata magana da hannu. Bai fassara ba.

Ya maƙala akwatin a wayar teburin Manaja, ya kunna, ya kai sanda kusa.

Wiiiii!

Manaja ya yi baya har ya buge kujera.

"Ka ji ko?" in ji Injiniya. "Tun ban tuɓe takalmi ba."

Ya sunkuya ya bi wayar, sanda na fito, yana biye, har teburin Sakatariya a ɗan ɗakinta na gefe, don wayarta reshe ce ta wayar Manaja. Ya ɗaga kan wayar, ya murɗe wajen baki, ya zaro wani ɗan zagayayyen abu mai huji-huji. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Madam, mene ne wannan?"

"Abin da ke ɗaukar magana mana."

"Manaja, ka ji da bakinta. Abin da ke ɗaukar magana!"

"To waya in ba ta ɗauki magana ba, me za ta ɗauka? Ruwa?"

"Za ki yi bayani a gaba."

"A gaban wa? Bencin?"

Injiniya bai kula ta ba, don manya ba sa amsa irin wannan. Ya jefa abin a aljihu, ya mayar da kan wayar. Manaja ya matso yana raɗa, "Shi ke nan an kama?"

"Wannan ɗan ne. Uwar muke nema."

Wayar ta hau bango ta shige silin. Aka kawo tsani, Injiniya ya hau ya shige ramin, ya bar su da kallon tafin takalminsa. A can ciki duhu da yanar gizo, amma duk inda wayar ta bi sanda na fito, duk inda sanda ta yi fito ransa na ƙara fari. Nan ya gane girman lamarin: ba kunne ɗaya aka dasa ba, wayar ce gaba ɗayanta kunnuwa, jere kamar gwano. Yana cikin tsara yadda zai faɗa wa Manaja wannan a hankali, sai ya ɗauke ƙafa daga kan katako ya ɗora ta inda babu katako.

Ofishin da ke maƙwabtaka da na Manaja na likitan haƙori ne. A daidai lokacin Likita ya kwantar da wani ƙaton direba a kujera, baki a wangale, auduga a kumatu. Sai silin ya buɗe, ƙura ta zubo, ƙafa ɗaya ta sauko har gwiwa tana lilo a saman fuskar direban.

"Innalillahi! Ƙafar wa ce wannan?"

"Kada kowa ya taɓa ta," in ji wata murya daga sama. "Tana bakin aiki."

"Injiniya? Me kake nema a silina?"

"Silin naka ne, abin da ke cikinsa ya fi ƙarfinka. Likita, tun yaushe wayar Manaja ke bi ta saman ɗakinka?"

"Tun da aka gina benen!"

"Wato an daɗe ana yi."

Direban bai jira jin sauran ba. Ya dira daga kujera ya bi matakala, farin ƙyalle a wuya, yana faɗin wata magana da audugar ta cinye. Likita ya cafke ƙafar, Injiniya ya fizge, ƙafar ta koma sama, takalmin ya tsaya a hannun Likita.

"Ba za ka sake ganinsa ba sai ka gyara mini silin!"

"Riƙe shi. Shaida ce a kanka, ba a kaina ba."

Ya sauko fari fat da ƙura, ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a safa. Da wani ne da tuni ya karaya, amma Injiniya bai ko kakkaɓe riga ba. Sanda ta ja shi baranda, inda wani farin akwati ke maƙale a bango, wayoyi na shiga suna fita, 'yan koren fitilu na walƙiya a gabansa. Shekara da shekaru yana zaune a ƙarƙashin akwatin nan bai taɓa zarginsa ba.

"Dubi yadda yake ƙifta mini ido," in ji shi. "Ya san na gane shi."

Ya zare masa wuta. Fitilun suka mutu.

Ba a jima ba sai ga ihu daga hawan ƙasa. Mai kemis ya hauro da injin karɓar kati a hannu, yana girgiza shi kamar zai farfaɗo. A bayansa Anti Tela, wadda shagon ɗinkinta ke kusa da kemis, awo rataye a wuya.

"Wa ya kashe intanet? Mutane sun yi layi a shagona!"

"Ni kuma mai kaya ta turo mini hoton ɗinki, ya tsaya a wuya. Ban ga hannu ba, ban ga gindin riga ba!"

"Ku yi haƙuri, bincike ake," in ji Injiniya. "Wanda ba shi da laifi ba ya tsoron bincike."

"Binciken me?" in ji Anti Tela. "Takalminka?"

Ya wuce su da ɗingishi irin na masu muƙami, suka biyo shi, Likita ma ya biyo, Manaja a ƙarshe yana goge gumi. A ƙarƙashin matakala akwai wani akwatin ƙarfe inda wayoyin benen duka suke haɗuwa. Injiniya ya ɓalle murfin da sukundireba. Wayoyi cunkus, kamar gashin da bai taɓa ganin mataji ba. Ya cusa sanda. Ta ƙwala fito irin wanda ba ta yi ba tun safe.

Ya juyo ya fuskanci jama'a. Irin wannan lokacin ya daɗe yana jira.

"Ga uwar. Maganin maciji a sare kai."

Kafin wani ya buɗe baki ya zaro filaya, ƙas, ƙas, ƙas, ya datse damin gaba ɗaya. Ya sake kai sanda ga guntayen da suka rage a bango. Shiru.

"Kun ji? Ta mutu."

"Yaya, ina kunnen?" in ji Manaja.

"An kashe shi. Gawar ce za a nema a hankali."

Mai kemis ya ruga shagonsa, ya dawo da gudu. "Wayar ma ta mutu! A layin nan asibiti ke kirana!"

"Tawa ma haka ne, na rantse," in ji Likita, yana nuna Injiniya da takalminsa.

Aka yi caa a kan Manaja. Shi ya kawo shi, shi ya ba shi benci, shi ya auri ƙanwarsa. Manaja ya ja Injiniya gefe. "Yaya, don girman Allah mayar musu da wayoyinsu."

"Abu mai sauƙi. Launi da launi ne."

Ya tsuguna ya fere wayoyin. Sai ya tarar da wani sakaci da ba nasa ba: duk waya in an fere ta, launukan cikinta iri ɗaya ne da na 'yar'uwarta. Shuɗi a nan, shuɗi a can, shuɗi ko'ina. Duk launukan da ke duniya, masu ƙera waya suka rasa na rabawa. Shi kuwa bai yi wa ko ɗaya alama ba kafin ya datse, don wanda ke sare kan maciji ba ya tsayawa tambayar sunansa.

Ya ɗaga kai, idanu sun yi masa rumfa.

"Akwai matsala ne?" in ji Mai kemis.

"Matsala a wurin wa? Shuɗi ɗan'uwan shuɗi ne, ba a raba zumunci."

Ya tattara duk shuɗayen ya murɗe su wuri ɗaya. Ya tattara masu ratsin fari ya yi musu haka. Ya bi sauran launukan, kowane dangi da taronsa, ya naɗe da salatif, ya tura murfin da gwiwa. Ya hau ya mayar wa farin akwatin wutarsa. Mai kemis ya shiga shago ya ɗaga waya, ya leƙo.

"Tana ƙugi."

"Godiyar fa?" in ji Injiniya.

Babu wanda ya yi. Kowa ya koma ya zauna kusa da wayarsa, yana jiran kiran da ya kuɓuce masa.

A ofis Injiniya ya rufe ƙofa ya dafa teburin Manaja.

"Saura gwajin ƙarshe, shi ake kira tarko. Zan kira ka a wayar nan daga salulata, kamar ni dillali ne. Kai kuma ka faɗi wata ƙatuwar ƙarya. In akwai sauran kunne, ƙaryar za ta fita gari, mu bi sawunta. In ba ta fita ba, layi ya tsarkaka, a kira mai rubuta allo."

"Wace ƙaryar zan yi?"

"Ka ce ka sayi benen nan, za ka kori masu haya. Kulle ƙofa da makulli. Ko wa ya buga kada ka buɗe, musamman Madam."

Ya tafi ɗakin kujeru, ya zaɓi mai ƙafa uku ya jingina ta da bango, ya zauna daidai inda teburinsa zai kasance. Ya danna lamba. Sai ya ji ƙararrawa na tashi a sama, tana tashi a ƙasa, tana tashi ta bayan bango. Ya jinjina kai. Bai taɓa lura benen na amsa kuwwa haka ba. Aka ɗauka, ƙit. Sai kuma ƙit, ƙit, ƙit, ƙit. Layin da ya sha gyara dole ya yi 'yan miƙe-miƙe.

"Ranka ya daɗe, dillali ne. Yaya maganar benen?"

"Na... na saya," in ji Manaja, murya a sanƙare.

"Ɗaga murya, ranka ya daɗe. Masu haya fa?"

"Duk zan kore su."

"Har Likita?"

Nan fa muryar Manaja ta saki. Ashe ƙaryar ta taɓo inda ke yi masa ƙaiƙayi.

"Da shi zan fara! Mutumin da ya cire mini haƙori mai lafiya ya bar mini mai ciwon, ya ce in dawo?"

Daga baranda aka fara dukan ƙofar Manaja. Sakatariya ce. Ita ma ta ɗauki tata wayar, ta ji abin da ta ji, ta yi ta ihu a ciki babu mai jin ta, don abin ɗaukar maganarta na aljihun Injiniya. "Manaja! Ajiye wayar! Manaja!"

"Kada ka kula ta," in ji Injiniya. "Alamar tarko ya fara ci ke nan. Mai kemis fa?"

"Wannan? In ka ce masa kanka ke ciwo ya ba ka maganin tsutsar ciki, in ka koma ya ce ai daga cikin ciwon ya hau."

"Anti Tela dai a bar ta, mace ce."

"A bar wa? Ta ɗinka wa matata riga, hannu ɗaya na gaida gwiwa, ɗaya ya tsaya a kafaɗa yana jiran mota!"

Injiniya ya buɗe baki zai ƙara wata tambayar, sai ya tsaya. Ya danna salula a kunne. Akwai wani huci a layin, mai nauyi, kamar na bijimi.

"Manaja, kai ne ke numfashi haka?"

"A'a."

"To ni ma ba ni ba ne."

Ya miƙe tsaye da murna, kujerar ta kife.

"Kai mai sauraro! Asirinka ya tonu! Injiniya ne ke magana. Faɗi sunanka!"

"Ni ce," in ji wata murya a hankali. "Mai hannun da ke jiran mota."

"Da mai maganin tsutsa," in ji wata.

"Manaja," in ji ta uku, "ka tsaya nan. Ina zuwa da abin cire haƙori, mu gyara kuskuren."

Matakala ta ɗauki dirin ƙafafu. Kafin Injiniya ya fito, baranda ta cika: Anti Tela da almakashi, Mai kemis da mutanen layinsa da suka biyo kallo, Likita da takalmi a hannun hagu, ƙarfe a hannun dama. Manaja ya buɗe ƙofa kaɗan, fuskarsa kamar an wanke da toka.

"Jama'a, ƙarya ce. Tarko ne. Ban sayi komai ba."

"Sayen benen ƙarya ne, na yarda," in ji Likita. "Haƙorin fa?"

"A aika gida a kawo rigar!" in ji Anti Tela. "A auna ta a gaban jama'a. Matarka ce ta ce haka ake yayi!"

Injiniya ya kutsa tsakiya, ya ɗaga hannu biyu.

"Manaja, kunne ɗaya ka ce in ciro. Ga uku na jere maka a ƙofa, da ƙafafunsu suka zo. Ku faɗa wa jama'a, wa ya ba ku izinin sauraron wayar mutum?"

"Wayata ta yi ƙara na ɗauka!" in ji Anti Tela.

"Tawa ma."

"Tawa ma."

Idanu suka bar Manaja suka dawo kan Injiniya ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka ƙararrawa ta sake tashi, a teburin Manaja, a teburin Sakatariya, a ɗakin Likita, a can ƙasa kemis da shagon ɗinki, duk a tare. Manaja ya koma ya ɗauka. Ya saurara. Ya miƙo kan wayar ta ƙofa.

"Mai kemis, naka ne. Wani ne, wai ko maganin basir ɗinsa ya iso."

Baranda ta fashe da dariya. Har Likita sai da ya dafa bango. Sakatariya ta zo ta zura hannu a aljihun Injiniya ta zare abin wayarta, ba ta ce masa uffan ba, wanda a wurinta rashin mutunci ne na musamman. Haka jama'a suke. Mutum ya wuni a cikin silin dominsu, ya haɗa musu zumuncin da suka kasa haɗawa, sakayyarsa dariya. Shi kuwa ainihin kunnen yana nan inda yake, tunda an hana gwani ƙarasa aikinsa.

Manaja ya fito ya tsaya a gabansa. Ya yi magana a hankali, irin ta surukai.

"Yaya."

"Na'am. Allon a yi shi da manyan baƙi, kada mai rubutun ya matse sunan."

"Gobe da safe, sito."

Injiniya ya dubi ɗakin kujeru, ya dubi benci, ya dubi safarsa da babban yatsa ya leƙo. Sannan ya gyara wuyan riga, ya rataya jaka.

"Dama na daɗe ina zargin siton nan. Akwai waya a can?"

"Babu."

"Intanet fa?"

"Babu. Igiyar shanyar maigadi ce kaɗai, ita ma yanzu zan aika a kwance ta."